Karatun adabi da fasaha a lise: noman da ba a girbe shi a damina guda

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar birbe ya fito, sai wata muhawara ta tashi a zaurukan Tawa da na garuruwan Adar. Yaro ya ci, mata sun yi guɗa, an raba goro; to amma saura babbar tambaya: wace ƙofa zai shiga a lise? Ƙofofin biyu ne. Ɗaya ta lissafi da kimiyya ce, wadda ake kira C. Ɗayar kuwa ta adabi da harsuna da falsafa ce, wadda ake kira A. Uban da ke fatauci a Abijan, in ya kira gida Kalfu, abin da yake so ya ji shi ne ɗansa zai zama likita ko injiniya. Ma'aikacin gomnatin da ke zaune a birni ma haka yake fata, ko da shi kansa ta ƙofar A ya bi har ya samu teburin da yake kai. In aka ce yaro A aka ba shi, sai murna ta ragu, kamar an ce wa manomi geronsa ya fid da kai amma babu ƙwaya.

Ana cewa sashen A wurin hutu ne, mafakar waɗanda lissafi ya kora. Ana kuma cewa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo shiririta ce ta ƴan makarantar da suka rasa abin yi. Mun ga ya dace mu auna waɗannan maganganu da mudun gaskiya, domin a kansu ne ake yanke wa ƴaƴa hukuncin da zai bi su har tsufa.

Inda sunan ya ɓaci

Ga wanda bai bi ta lakwal ba, ga yadda tsarin yake. Yaro zai yi shekara 6 a firamare, ya yi 4 a kwaleji, sa'an nan ya zauna birbe. In ya ci, ya shiga lise ya yi shekara 3, ya zauna bak, wato jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a. A ajin farko na lise ake raba hanya. Wanda ya shiga C, in shekara ta zagayo yana iya zarcewa da C ɗin, ko ya koma D, inda kimiyyar halittu ta fi ƙarfi. Wanda ya shiga A kuwa da ita zai tafi har ajin ƙarshe, inda mafi yawa ke zaman bak ɗin da ake kira A4.

Masu rabon ɗalibai makin lissafi da na kimiyya suka fi dubawa. In yaro ya kai, ƙofar C a buɗe take gare shi. In bai kai ba, sai A. To, nan ne gizo ke saƙa. Ba a cika tambayar ko yaron da aka tura A yana iya rubuta shafi guda na faransanci ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ko kuwa ya taɓa karanta littafi ɗaya daga bango zuwa bango. Saboda haka aji ɗaya ya kan tara mutum iri biyu: wanda ya zo don yana so, da wanda aka turo don babu inda za a sa shi. Na farko ya iso da yunwar karatu, na biyu ya iso da ɓacin rai. Malami ɗaya ne a gabansu, allo ɗaya, kuma ajin cike yake maƙil. In sakamako ya fito da muni a ƙarshen shekara, ba a cewa rabon ne aka yi ba daidai ba, sai a ce ai dama ƴan A ne.

Abin da ke cikin buhun

Bari mu kwance bakin buhun mu ga abin da ɗan A ke ɗauke da shi. Akwai faransanci da adabinsa, akwai tarihi da labarin ƙasa, akwai ingilishi, akwai harshe na biyu kamar larabci, akwai falsafa. Lissafin da aka ce ya guje wa ma bai rabu da shi ba, an dai rage masa nauyi. A jarrabawar bak kowane fanni da nauyinsa: makin da ɗalibi ya samu ana ninka shi gwargwadon darajar fannin a sashensa. A sashen A falsafa da faransanci ne ke da babban ninki, wanda ya faɗi a kansu da wuya sauran su tashe shi.

Ranar jarrabawar falsafa ɗalibi yana zaune sa'a 4 cur. Tambayar da ke gabansa ba ta wuce layi ɗaya ko biyu ba, alal misali a ce masa: shin ƴanci shi ne mutum ya yi abin da ya ga dama? Daga wannan layi ake so ya fid da shafi huɗu ko biyar, ya warware ma'anar kalmomin, ya kawo hujjar masu cewa i, ya kawo ta masu cewa a'a, ya nuna inda kowanne ya gaza, sa'an nan ya tsaya da ƙafarsa. Zai jawo Aflatun, ya jawo Dekart ko Ruso, amma ba a yarda ya jera sunayensu kamar kayan tebur ba, sai ya nuna abin da kowane ya ƙara wa maganar. Wannan aiki shi ake kira disertasiyon. A faransanci ma sa'a 4 ce: ko ya taƙaita dogon rubutu ya tattauna shi, ko ya feɗe wani yanki na littafi ya nuna yadda marubucin ya ɗinka shi, ko ya yi disertasiyon a kan adabi. A labarin ƙasa kuwa sai ya riƙe taswira a ka, da koguna da ma'adinai da alƙaluman tattalin arziki na ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Akwai wani bambanci da iyaye ba su cika lura da shi ba. A lissafi, in ka bi ƙa'ida ka samu amsa, maki naka ne, mai ƙoƙari yana iya kwasar 18 bisa 20. A disertasiyon babu amsa ɗaya da za a haddace, kuma masu gyara hannunsu a damƙe yake. Wanda ya samu 12 ko 13 ya yi abin a yaba. Ga shi kuma ƙwarewar rubutu ba a tara ta a daren jarrabawa. Sai an rubuta, an gyara, an sake rubutawa, shekara da shekaru, kamar yadda ɗan koyo a rumfar dukawa yake ɓata fata kafin ya iya fid da takalmi.

Sa'an nan ga karatun littattafai. Malaman faransanci sun saba sa ɗalibai su karanta marubutan Afirka irin su Shehu Hamidu Kan mai L'Aventure ambiguë na 1961, da Amadu Kuruma mai Les Soleils des indépendances na 1968, da Mariyama Ba mai Une si longue lettre na 1979, da namu Abdulai Mamani mai Sarraounia na 1980, ban da marubutan Faransa na ƙarnonin baya. Kada mu manta da wanda ake ɗora wa wannan kaya. Yaron Kalfu da Adaranci ya tashi, maƙwabcinsa na rugga ko na zango da fulatanci ko tamajak. Faransanci a aji kawai yake jin sa. Da wannan harshe na aro ake so ya yi gardama da masana, ya kuma bambance kyakkyawar jimla da mummuna. Ɗan C yana da alamomin lissafi da ke rage masa nisa. Ɗan A kuwa harshen ne gonarsa, shi ne kuma hauyarsa.

Nauyin da ba ya cikin takardar darasi

Wannan duka nauyin cikin aji ne. Akwai na waje. Da yawa daga cikin yaran Kalfu da Barmu da Afala da Takanamat, in aka turo su Tawa, a hannun mai masauki suke zama. Mai masauki ya yi alheri, amma gidansa ba ɗakin karatu ba ne: akwai aike, akwai ɗibar ruwa, akwai jiran shago. Ɗiya mace kuwa daka da wanke-wanke da renon ƙanne na jiran ta kafin ta buɗe littafi. Lissafi ana iya yin sa a tsakanin aike biyu, a warware tambaya ɗaya a ajiye. Littafi mai shafi 200 yana son zama da natsuwa da fitila. Shi ya sa duk wanda ya san garuruwanmu ya san ƴan lise da ke kai da kawowa ƙarƙashin fitilun titi cikin zafin watan Afrilu da Mayu, kaye a hannu, baki na motsi.

Littafin kansa samun sa aiki ne. Mafi yawan littattafan adabi a waje ake buga su. Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kuɗin littafin da ke zuwa daga can ya yi tsalle tare da shi. Tun daga waɗancan shekaru na yajin aiki da shekarun karatu da suka tashi a banza, wata al'ada ta kafu: malami ya karanta taƙaitaccen bayani, ɗalibai su rubuta, su haddace. Sai ka tarar da yaro ya san sunan kowane mutum da ke cikin littafi, ya san shekarar da aka buga shi, alhali bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Yau wayar hannu ta rage wani abu, domin ana tura wa juna littattafai ta WhatsApp, amma ba kowa ke da wayar ba, ba kowane gida ke da wutar caja ta ba, kuma ƙaramin gilashi ba ya hana saƙon abokai shigowa a tsakiyar shafi.

Sakamakon a bayyane yake. Daga 2021 zuwa 2023, waɗanda suka ci bak a faɗin ƙasa, in an haɗa dukan sassa, ba su kai ɗaya bisa uku ba. Yaron Adar da ya faɗi sau ɗaya, ya sake aji, yana da wani abin da ke kiran sa da babbar murya: tsaransa da ya bar lakwal tun kwaleji ya tafi cin rani Kodibuwar ko Libiya, ya dawo da babur da kuɗin aure. Wanda ya toshe kunnensa ga wannan kira shekara 3 ko 4, ya zauna da littafi, bai cancanci a kira shi rago ba.

Zane, kiɗa da wasa: fannonin da ba su da aji

Idan adabi yana da aji ko da cunkushe ne, fasahar hannu da ta murya ko wannan ba ta samu ba. A galibin kwalejoji da lise na gomnati ba ka tarar da malamin zane ko na kiɗa. Abin da ake yi a gefe ake yin sa: ƙungiyar wasan kwaikwayo da wani malami mai himma ya kafa, ko shirin bukin ƙarshen shekara. Yaran da ke ciki su kan tsaya bayan an tashi, su haddace doguwar magana, su maimaita fita ɗaya sau ashirin, su ɗinka tufafin wasa da kuɗin aljihunsu, kuma ba maki ɗaya da zai shiga takardarsu. A gida ma ba yabo ke jiran su ba. A al'adarmu kiɗa da waƙa sana'ar gado ce ta maroƙa, uba mai ji da asalinsa ba ya son a ce ɗansa ya ɗauki ganga.

Abin mamaki shi ne, Tawa tana cikin garuruwan da suka fi cin moriyar waɗannan fannoni. Gidan matasa da al'adu na birnin sunan Albarka Cibau yake ɗauke da shi, mutumin da tatsuniya ta ɗaukaka. Gasar kiɗan zamani ta ƙasa da aka kafa a shekarun 1980 sunan Ɗan Gurmu aka ba ta, mawaƙin wannan jaha. Kuma a nan Tawa ne Mustafa Alasan ya yi shekarun ƙarshe na aikinsa kafin rasuwarsa a 2015.

Labarin Mustafa Alasan ya isa darasi ga mai cewa zane wasa ne. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, zane kuwa da kansa ya koya. Haɗuwarsa da Jan Rush a Yamai ta buɗe masa hanyar silima, ya je Kanada ya ga aikin Norman Maklaran, gwanin zane mai motsi. Ya fid da La Mort de Gandji a 1965, da Bon voyage Sim a 1966, inda ya sa kwaɗi suka yi shugabanci da ziyarar aiki, ya yi wa masu mulkin lokacin zambo cikin dariya. Ana lissafa shi cikin na farko da suka yi irin wannan silima a Afirka. To ga lissafin aikin, tun da lissafi ake so: silima tana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko da mai zane ya tsaya a kan zane 12 a daƙiƙa, minti ɗaya yana cin zane 720, minti biyar 3600, kowane ɗaya ya ɗan bambanta da na bayansa. Wane ɗan kasuwa ne zai kira wannan lalaci? Daga baya ya yi Kokoa, inda ya sa dabbobi kokowa, abin da ya dace da garin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a cikinsa a 1975.

Waɗannan mutane uku ba aji ne ya koya musu abin da ya ɗaukaka su ba. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: nawa ne irinsu suka bi ta bencinan lise, hannunsu na ƙaiƙayin zane a bayan kaye, ba wanda ya duba? Zamanin Janar Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bukin matasa na ƙasa sun ba wasan kwaikwayo da waƙa fili, kuma malaman makaranta irin su Yazi Dogo sun nuna cewa alli da dandali ba kishiyoyi ba ne. Bayan haka an buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. A shekarun 2010 an kafa makarantun koyon fasaha da al'adu da ake kira EFAC domin yaran da suka gama firamare, jami'ar Abdu Mumuni kuma ta buɗe sashen fasaha da al'adu bisa jagorancin Farfesa Antuwanet Tijani Alu. Ke nan akwai tushe a ƙasa, akwai rufi a sama. Ginin tsakiya ne, wato kwaleji da lise, ba a tayar ba.

Ina ribar?

Mu zo ga abin da ɗan kasuwa zai fara tambaya. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu shafa mata zuma ba: lokacin da takardar bak ko ta jami'a ke kai mutum teburin gomnati kai tsaye ya wuce. Tun da aka shiga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na bankin duniya a shekarun 1980 da 1990, ɗaukar ma'aikata ta ragu ƙwarai. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga ɗaukar malaman sa-kai da na kwantaragi, masu ƙaramin albashi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka karanta adabi ko tarihi ko falsafa nan suka tsaya bayan aikin bautar ƙasa. Wanda aka tura A ba da son ransa ba, ya haddace taƙaitaccen bayani har ya tsallake da ƙyar, shi ne ya fi shan wannan wuya, domin ya fito da takarda amma ba sana'a a hannunsa.

Wanda ya yi aikin da gaske kuwa, ƙofofinsa ba kaɗan ba ne. Alƙali da lauya da mai rubuta takardun shari'a ta fannin doka suke bi, kuma ba sai an je Yamai ba: jami'ar Tawa da aka kafa a 2010 tana da tsangayar doka da tattalin arziki da gudanarwa. Makarantar horas da ma'aikatan mulki ta ENA, da ta aikin jarida, da babbar makarantar horas da malamai, duka suna gwada mai neman shiga da abu ɗaya: a ba shi batu, ya tsara tunaninsa, ya rubuta shi a sarari. Wannan kuwa shi ne abin da ɗan A ya yi shekara 3 yana koyo. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin yadda rahoto mara kai da gindi ke kashe kyakkyawan shiri a kan teburin minista ya san darajar wannan ƙwarewa.

Kasuwa ma tana da buƙatarta. Alhajin da ke shigo da kaya daga tashoshin jiragen ruwa na bakin teku yana hulɗa da takardun duwan, da na banki, da yarjejeniyar da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Tun yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda Nijar ke ciki, dokokin kasuwanci na ƙasashe da dama sun zama iri ɗaya, kuma a rubuce suke da harshen da ba ya yafe wa wanda ya karanta da gaggawa. Kalma ɗaya da aka fahimta a karkace tana iya cin ribar tirela guda. Mai ɗa ko ɗiya da ta iya karanta irin wannan takarda, ta iya ingilishin da za a yi ciniki da shi daga Ƙonni zuwa Legas, ko larabcin da za a yi magana da shi da abokin hulɗa na Aljeriya ko Dubai, ya rage kuɗin tafinta, ya kuma rage barin sirrinsa a hannun bare.

Masu zane kuwa ku ɗaga kai ku duba: allon kowane shago, rubutun bayan kowace babbar mota, tambarin da ke jikin buhu da kwalba, rigunan da ake bugawa lokacin buki, duka hannun wani ne, kuma biyan sa aka yi. Dukawa da maƙeran azurfa na wannan jaha suna da gwaninta ta gado; abin da ke ƙara wa kayansu kuɗi a kasuwar waje shi ne sabon fasali, sabon fasali kuwa a takarda ake fara zana shi. Alfadi ya nuna iyakar inda wannan hanya ke kaiwa ranar da ya tara manyan masu ɗinki na duniya a hamadar Tigidit a 1998, a bukin FIMA na farko.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗe ba da jimawa ba. Kundin da aka fid da a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka ba ta fassara kanta, littafin makaranta ba ya rubuta kansa. Ana buƙatar waɗanda suka iya harsunan biyu har ɓargo, suka san yadda ake ɗauko ma'ana daga wannan a zuba ta a wancan ba tare da ta zube a hanya ba. Yaron Kalfu da ya sha wuyar faransanci, in bai yar da Hausarsa ba, yana riƙe da igiya ta kai biyu.

Riba ta ƙarshe ba a sa ta a ma'auni, amma ita ta fi daɗewa. Dubban yara sun shiga lise Agabba sun fita. Wanda ya tsaya ya binciko wane ne Agabba, ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar da yaƙi a ƙarni na 17, ya kuma rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a littafin da ya fito a 1975, shi ne Jibo Hamani, kuma yau jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Bule da Shanuwan a 1899, alƙalamin Abdulai Mamani ne ya kai labarinta duniya, har Med Hondo ya mai da shi silimar da ta ci babbar kyautar Fespako a 1987. Da ƙasa ta shiga taron ƙasa a 1991, ana neman wanda zai riƙe ragamar muhawarar, masanin tarihi kuma marubucin wasan kwaikwayo aka ɗauko, wato Andre Salifu. Ƙasar da ba ta da masu rubuta labarinta, wasu za su rubuta mata shi yadda suka ga dama.

Abin da ke hannun kowa

Ba muna cewa a bar lissafi da kimiyya ba ne. Adar tana buƙatar likitoci da injiniyoyin ruwa fiye da yadda baki zai faɗa. Abin da muke cewa shi ne a daina mai da sashen A juji, domin abin da aka zuba a juji ba a tsammanin ya yi tsiro mai kyau.

Ga hukumomin ilimi, gyara na farko ba ya cin kuɗi: yadda ake duba makin lissafi kafin a ba yaro C, haka ya kamata a duba makin faransanci da na harsuna kafin a ba shi A, a kuma ji ta bakinsa. Wanda bai dace da ko ɗaya ba, makarantun koyon sana'a sun fi masa amfani da zaman shekara 3 yana jiran faɗuwa. Na biyu, a ba zane da kiɗa da wasan kwaikwayo sa'a ko da ɗaya ce a mako, da malami, da maki. Waɗanda ke fitowa daga sashen fasaha na jami'a suna neman inda za su koyar, lise kuma tana neman mai koyarwa.

Ga ƴan kasuwarmu na gida da na Abijan, an san ku da gina azuzuwa da haƙa rijiyoyi a garuruwanku, kuma ba a manta ba. Akwati ɗaya na littattafan adabi da ƙamus, in aka ajiye shi a kwalejin gari ƙarƙashin kulawar malami, zai yi wa ɗalibai aiki shekara goma. Mai masauki kuma da ya ɗauke wa ɗan baƙonsa aiken dare a watannin jarrabawa, ya bar masa fitila, ya ba shi abin da ya fi kuɗin kashewa.

Ga iyaye, in takardar rabo ta zo da harafin A, kada ku tambayi yaro me ya hana shi samun C. Ku tambaye shi littafi nawa ya karanta bana, ku sa ya ba ku labarin ɗaya da Hausa bayan cin tuwon dare. In ya iya, ya riƙe ku har ƙarshe, ku san ba a yi asara ba. In kuwa bai iya ba, da sauran lokaci a gyara tun kafin a kai ga bak, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.